Jitar Surajo Mai Kunya

Tun ranar da muka kai Surajo makwancinsa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tanƙwashe ƙafa ya ce, "Allah ya jiƙan shi, yaro ne mai shiru-shiru." Ni dai sai in sunkuyar da kai in ce amin. Mutuwa ke nan, takan wanke mutum har ka kasa gane shi. Amma duk wanda ya sha ruwan Safana ya san Surajo bai taɓa yin shiru ba. Ko barci yake, gardama yake da wani. Taubashina ne, ɗan gwaggona, wuƙa ɗaya ta yi mana shayi, akushi ɗaya muka ci tuwo a ɗakin kakarmu Hansai. Tun da kowa ya lulluɓe shi da ƙarya mai kyau, bari ni in ba ku labarin jitarsa.

A shekarun da kuɗin mai suka fara zagayawa, malaman makaranta suka sayi babura, masinjoji suka rataya rediyo, Surajo ya yi rani guda yana yaron mota a hanyar Kaduna. Ya dawo da wando mai faɗin ƙafa da ke share masa hanya, da baƙin tabarau, da baki. A cewarsa akwai wani otal a Kaduna inda masu kiɗan jita ba su fara wasa sai ya iso. Har ya ce ranar da ya kaɗa, wani Bature ya fashe da kuka, wai ya tuna masa da uwarsa. Daga baya direban da ya yi wa aiki ya gaya mani yadda aka yi: kayan makaɗan suka taɓa ɗaukowa, Surajo ya sauke akwati ɗaya, akwatin ya faɗo masa a ƙafa.

Tushen rigimar Tasalla ce, wata bazawara mai sayar da fura a bakin tasha. Doguwa ce mai wushirya, harshenta ya fi yajin furarta zafi. Mutum biyu ke zaman bencinta: Surajo, da Rabe mai gurmi, wani siririn mutum wanda sai magana ta kama dole yake yin ta. Wata rana da hantsi ta buga ludayi a bakin ƙwarya ta ce,

"Ku biyun nan kun ishe ni. Kullum ku cika mani benci, ludayi ɗaya ku sha, masu saye su tsaya a rana. Kalankuwa ta kusa. Wanda kiɗansa ya tashe ni daga gaban ƙwaryar nan na shiga fili na taka, shi zai turo manyansa. Ɗayan kuma ya nemi wani benci."

Rabe ya ce, "To."

Surajo ya zare tabarau ya dubi gurmin Rabe. "Da wannan ƙoƙon za ka kara da ni? Tsirkiya biyu kamar tarkon ɓera? Tasalla, ki fara sayen lalle. Abin da zan kawo garin nan, kakannin Rabe ba su gan shi ko a mafarki ba."

"Kawo shi dai," in ji Tasalla. "Baki ba ya sa ni rawa."

Surajo yana da gonar rogo ta gado can wajen Darini. Ya sayar da rogon tun yana cikin ƙasa, ya cusa kuɗin a wando, ya ja ni muka nufi Batsari. Ya ji labarin wani malamin makaranta mutumin Gana, ana ce masa Tica, zai koma gida yana sayar da kayan ɗakinsa, cikinsu har da jita biyu.

Tica ya fito da su ya jingina a bango. Ta farko tsohuwa ce ta katako, mai rami a ciki, fentin ya goge inda hannu ke zama. Ya ɗauka ya shafa ta da yatsa sau ɗaya, sai ɗakin ya cika, kamar an zuba ruwan sanyi a sabon tulu. Ta biyu ja ce jawur, tana sheƙi kamar motar da ba ta taɓa taka laka ba, ga maɓallai, ga ƙarafa, ga wata doguwar baƙar igiya mai kan ƙarfe.

Tica ya iya Hausa, bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Tsohuwar nan, kuɗin tunkiya ma ya isa. Jar kuwa tana da tsada, kuma ba za ta yi maka amfani ba. Sai da lantarki, sai da akwatin lasifika, akwatin kuwa ya lalace tun ban zo ƙasar nan ba. Garinku akwai lantarki?"

"Ana maganar kawowa," in ji Surajo.

Ya ja ni gefe yana raɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ka gani? Ka taɓa ganin mai saniya ya kushe ta a kara in ba so yake ya koma da ita gida ba? Mutumin nan wayo gare shi. So yake ya liƙa mani tsohuwa ya tsere da budurwa."

Na ce, "Taubashi, waccan ita ke da murya."

"Jaki ma murya gare shi. Ka taɓa ganin hakimi bisa jaki? Kuma dubi ramin cikinta, rabinta iska ce za a sayar mani. Ɗaga wannan ka ji nauyi. Ko'ina cike take. Hamidu, aji huɗu ka tsaya a makaranta, ka bar wa waɗanda suka ga Kaduna wannan."

Ban taɓa ganin ciniki irin na ranar ba. Mai kaya yana cewa kada ka saya, mai saye yana ƙara kuɗi. Duk aibin da Tica ya faɗa, sai Surajo ya kashe mani ido ya sake zura hannu a wando. Da kuɗin rogon ya ƙare tas, Tica ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah shaida na gaya maka."

A tsaye Surajo ya shigo Safana a bayan a-kori-kura, jita rataye a ƙirji, igiya naɗe a wuya. Kafin mu kai gida, rabin unguwa ta biyo mu. Aka taru gindin bishiyar bedin ƙofar gida. Kaka Hansai ta jawo kujerarta ta zauna gaba. Surajo ya ɗora ƙafa ɗaya bisa turmi, ya rufe ido, ya fara kai hannu yana kawowa, yana girgiza kai kamar mai cin tsamiya.

Muka jira.

Can Kaka ta ce, "Mai gida, ka fara ne?"

"Na yi nisa, tsohuwa."

Wani dattijo ya matso, ya kara hannu a kunne, ya sunkuya har gemunsa na taɓa tsirkiya. Ya ɗago ya ce, "Wallahi akwai wani abu a ciki. Kamar sauro a gidan maƙwabta."

Aka kwashe da dariya. Surajo bai ko girgiza ba. Ya ce, "Ƙauyanci dai bai yi ba. Abu mai daraja ba ya ihu. Baƙuwa ce, yau ta iso, kun taru a kanta kamar ƙudaje. Kunya take ji."

"Yo ashe amarya ce," in ji Kaka. "To ai ba ka yi sayen baki ba. Wace amarya ke magana ba a saya ba? Kai ta ɗaki, ka lulluɓe ta, ka ajiye mata goro."

Wasa Kaka take. Amma da na leƙa ɗakinsa washegari, sai na ga jita kwance bisa gado an lulluɓe ta da zane, ga goro fari a faranti kusa da kanta, shi kuma ga tabarmarsa a ƙasa. Ya ce ba don maganar tsohuwa ba ne, ƙura yake gudu. Goron kuwa Kaka ce ta bi ta cinye, ta riƙa cewa amarya ta karɓa.

Amarya dai ba ta yi magana ba.

Sai ga Hamma, wani Bafulatani mai kawo wa Tasalla nono, ya ji labari ya biyo. Ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Ya ce, "Itacen ya bushe ne. Sandata ma in ta bushe ba ta kuka a jikin nagge. Ka ba ta man shanu ta sha." Surajo ya ce ai dama abin da yake shirin yi ke nan, a Kaduna ma haka ake yi. Ya sayi mai ƙoƙo guda ya shafe ta daga wuya har gindi, ya cusa a ramukan maɓallai, ya shanya ta a rana, ya ƙara shafawa. Abin da ya samu shi ne tururuwa. Suka yi layi daga bakin ƙofa har bisa gado. Kyanwar Kaka ta tare a ɗakin. Da ya ɗauko jitar zai gwada a zaure, ta suɓuce masa kamar tarwaɗa, ta sauka a babban yatsan ƙafarsa. Ranar dai an ji ƙara har bakin masallaci, amma ba ta jita ba ce.

Yana ɗingishi ya nufi tasha, ya tarar da Rabe a bencin Tasalla.

"Rabe, kwance abin da ka ɗaure."

"Me na ɗaure?"

"Muryar jitata. Na san halinku makaɗa. In kun ga wanda ya fi ku, sai ku bi ta ƙarƙashin ƙasa."

Rabe ya kurɓi fura, ya lashe ludayi. "Akan ɗaure akuya ne saboda tana tafiya. Taka ina za ta?"

Tasalla ta dafe ciki. "Surajo, wai gaskiya ne kai ke kwana ƙasa ita bisa gado? Halan in na zo sai dai in kwana a zaure?"

"Ki yi dariya yanzu. Ranar nan sai an riƙe ki."

Na bi shi da magana a hanya. Na ce, "Mutumin nan fa ya gaya maka, sai da lantarki. Mu koma Batsari a musanya tun bai tafi ba."

Ya tsaya cak. "Lantarki? To me ke kunna fitilar mota?"

A-kori-kurar Salmanu direba tana tsaye bakin tasha, shi ya shiga masallaci sallar azahar. Surajo ya ɗauko jita, ya buɗe gaban motar, ya soka kan igiya ɗaya a jikin jita, ɗayan kuma ya shiga zungurar wayoyi da shi kamar mai haƙar gyare. Wuta ta yi tartsatsi. Sai hon ɗin motar ya kama kuka, paaaam, ya ƙi tsayawa. Jakunan 'yan itace suka tsinke, tiren mai ƙosai ya kife, kaji suka haye rumfa. Surajo kuwa ya gyara tsayuwa yana kaɗa tsirkiya iya ƙarfinsa, yana ihu, "Kun ji ta? Kun ji ta? Ina masu cewa sauro?"

Salmanu ya fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, sifana a hannu. Ban san taubashina yana da gudu haka ba, ga ɗingishi, ga wando yana harɗe shi. Igiyar dai a cikin motar ta kwana, a ƙone.

Da Surajo ya huce ya yarda mu koma Batsari, "don in ba Tica damar ya nemi gafara." Muka tarar ɗakin Tica a buɗe, an share. Maƙwabta suka ce ya tafi, tsohuwar jitar kuma wani siririn mutum daga Safana ya zo ya ɗauke ta da 'yan zabbi da ɗan abin da ba a rasa ba.

Tun daga ranar, in ka bi ta bayan dangar gidan Rabe da la'asar, sai ka ji ta. Ya cire mata tsirkiyoyin da suka yi masa yawa, ya ɗaure sauran yadda yake ɗaure na gurmi. Sautin yakan tsallake danga ya bi ta bisa karan dawa, mata masu dawowa daga rijiya su rage sauri. Surajo yakan toshe kunne in za mu wuce. Ya ce, "Ji ƙarar talauci."

Ranar kalankuwa ta zo. An gama kaka, rumbuna sun cika, samari da 'yan mata daga Tsaskiya da ƙauyukan kewaye suka cika fili tun bayan azahar. Tasalla ta kafa babbar ƙwaryar fura a gefe, ta sha lalle, ta ɗaura sabon zane. Surajo ya iso da tabarau, jar jita tana ɗigar mai a rana, ya ƙara mata laya a wuya. A hanya na tambaye shi me zai yi. Ya ce in taro ya cika za ta ji kishi ta buɗe baki. Amma na ga gumi a bayan kunnensa.

A gefen fili makaɗa sun hura wutar kara, suna kara gangunansu kusa da ita, kamar yadda aka saba, don fata ta ɗame murya ta fito. Mai ganga ya taɓa tasa, ta ce dum. Ya ƙara gasa ta, ya taɓa, ta ce tan! Surajo ya tsaya yana kallo, bakinsa ya buɗe a hankali.

"Hamidu! Sanyi ne! Duk kwanakin nan sanyi ke damunta!"

"Taubashi, ba fata gare ta ba."

"Matsa."

Ya ture masu ganga, ya ce manya sun zo. Wani tsohon makaɗi ya ce, "Yaro, daga nesa ake karawa." Surajo ya ce na arha ne ake karawa daga nesa, mai tsada sai ta ji a jikinta. Ya kama ta a wuya ya miƙa ta tsakiyar harshen wuta, yana jujjuya ta kamar tsire.

Da farko ƙamshi ya tashi. Wata yarinya ta tambayi uwarta ko ana suya ne. Sai man shanun nan na Hamma, wanda ya cika kowane rami, ya ce bup! Jita ta kama daga gindi har wuya. Fenti ya yi bororo, farar robar gabanta ta naɗe kamar ganyen kuka, tsirkiyoyi suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, ɗaya ta tsarge masa kunne. Bai sake ta ba. Ya ɗaga ta sama ya shiga gudu cikin taro yana ihun ruwa, mai yana ɗiga da wuta, jama'a na tsalle suna watsewa. Babu ruwa a filin nan ko kurɓi. Abu mai sanyi ɗaya ne.

Ya tsoma ta cikin ƙwaryar Tasalla.

Cuuuuu! Har waɗanda ke bayan fili sun ji. Hayaƙi ya tashi, fura ta fantsama, ta wanke masa tabarau da gemu. Daga can baya muryar Kaka Hansai ta taso, "Alhamdu lillahi, amarya ta yi magana!"

Aka fashe. Maza na faɗuwa bisa juna, masu ganga suka kasa riƙe gangunansu. Tasalla ta dubi ƙwaryarta, baƙin gawayi na yawo bisa fura, ta dubi Surajo. Ta ɗauki ludayi ta kwankwasa masa a tsakar ka, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

"Tsame matarka daga cikin sana'ata."

Ya tsamo ta, baƙa ƙirin, tana ɗigar gero. Ya ce, "Amma dai kin ga yadda ta tashi taro. Rabe ya taɓa sa mutane tsalle haka?"

Rabe ya matso kusa da masu ganga. Ya zauna bisa turmi, ya ɗora tsohuwar jitar a cinya, ya fara. A hankali ya fara, kamar mai lallashin jariri, sannan masu ganga suka shigo ƙarƙashinsa. Tasalla ta tsaya tana goge fura a hannu. Kafaɗarta ce ta fara, sannan ƙugu. Ta gyara ɗaurin zane, ta ajiye ludayi, ta shiga fili. Da ta zagayo gaban Rabe, ta ce yadda kowa zai ji, "Ka gaya wa manyanka ina gida ranar Juma'a."

Guɗa ta tashi. Na waiwaya don in ja Surajo mu tafi gida. Yana nan tsaye, ƙonannen katako a hannu, babu rogo, babu Tasalla, babu benci. Ya share fura a idonsa ya ce mani,

"Ka san ni na bar mashi Tasalla, ko? Na duba na ga talaka ne, na ce a bar wa yaro ya samu."

"Na sani, taubashi. Amma ƙafarka fa?"

Ya duba ƙasa. Ƙafar mai ciwon tana buga ƙasa daidai da kiɗan Rabe.

"Gyara mashi nake. Yana sakin kiɗan. Riƙe mani wannan, bari in nuna mashi inda yake kuskure."

Ya danƙa mani jitar da sauran zafinta, ya naɗe ƙafar wando, ya faɗa fili. Kuma Allah ya sani, duk abin da Surajo ya ce ya iya bai iya ba, amma rawa, wadda bai taɓa yin alfahari da ita ba, babu kamarsa daga Safana har Batsari. Aka buɗe masa fili. Rana ta yi ƙasa ta zama ja a bayan kukoki, shi kuma yana juyi a tsakiya, fura na bushewa a gemunsa, yana yi wa Rabe tsawa, "Ƙara sauri, ɗan ƙauye, ƙara sauri!" Rabe kuma yana ƙarawa.